Buhun Gyaɗa a Kan Sunan Wata

Akwai abin da in ya sami mutum, ko tsufa ya fara kwashe masa sunayen jikokinsa, shi wannan abin yana nan daram. Nawa shi ne abin da ya shiga tsakanina da wani buhun gyaɗa, a shekarar da na fita takabar Malam. Yanzu mantuwa ta yi mini yawa, sai in yi ta neman carbi alhali yana wuyana. Amma wannan lamari ba zan manta da shi ba har ranar da za a mayar mini da ƙasa.

Ni mutuniyar Daura ce, cikin gari, ba nisa da Kusugu. Ban yi boko ba, karatuna na salla ne. Sana'ata mai da ƙuli, tun ina amarya na gaje ta wurin uwar mijina. A soya gyaɗa a kasko, a murje, a sheƙe, a kai inji, a dawo a zuba a turmi a yi ta juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya tsatso. Tunkuzar da ta rage a mulmula a toya ƙuli. Da wannan aiki na yi wa 'ya'yana kayan ɗaki, da shi na rufa wa gidana asiri a shekarun da gonar Malam ba ta yi kirki ba.

To, duk tsawon zamanin nan ban taɓa cin bashin kowa ba. Ko tiya ɗaya ta gyaɗa ban taɓa ɗauka ba sai da kuɗina a hannu. In jarina ya kai buhu in sayi buhu, in bai kai ba in sayi rabi, in babu in bar murhu ya huce. Haka mahaifiyata ta hore ni, ta ce gara in kwana da yunwa da in kwana da kuɗin wani. Sai na ɗauka wata ajiya ce nake yi a wurin mutane. A zatona, duk ranar da buƙata ta kama ni, da zarar na buɗe baki na ce ban taɓa cin bashi ba, kowane mai kaya zai ce in ɗauki abin da nake so. Har yau mata da yawa haka suke zato, shi ya sa nake ba da labarin.

Katanga ɗaya ce tsakanina da taubashiyata, 'yar kawuna. Tun muna yara take kirana baiwarta, wai don ita 'yar namiji ce ni 'yar mace, kuma har furfura ta rufe mu ba ta daina ba. Ita ƙosai take toyawa a bakin layi. Duk abin da ke cikin kaskonta na mutane ne. Wake na wani, itace na wani, mai nawa. Ta karɓa, ta toya, ta sayar, ta bi kowa ta ba shi nasa, ta sake karɓa. Ina ba ta mai ban taɓa jin ɗar ba, amma a zuci tausayinta nake ji, ina cewa wannan baiwar Allah ba ta da ranar da za ta wayi gari ba a binta. In na yi mata maganar sai ta yi dariya ta ce, "Ke baiwata, bashi hanji ne. Naki dai ya iya kwanciya ne, ba ya ƙugi."

Ana nan, ana nan, Malam ya kwanta. Aka ce ƙoda ce. Daga asibitin gari aka tura mu Katsina, mu je mu dawo, mu sake komawa. Jarin mai ya tafi, awakina suka bi bayansa, daga nan tasoshin ɗakina. Ban yi baƙin cikin ko ɗaya ba, don irin wannan rana ake tarawa. Ruwan farko ya sauka ke nan Allah ya karɓi abinsa. Na shiga takaba ana shuka, na fita ana cire gyaɗa.

Kwanon da ake aiko wa mai takaba ba ya wuce takaba. Ranar da na yi wankan fita, daga ranar abinci ya fara ɗaukewa, kuma ban ga laifin kowa ba, kowa da nasa nauyin. Ga jikoki uku a gabana, marayun babban ɗana da ya riga ubansa tafiya. Sauran 'ya'yana mata ne, kowace tana gidan mijinta tana fama. Abin da ya rage mini a duniya shi ne kaskon suya, da turmi, da babbar tukunyar ƙarfe, da hannuwan nan nawa biyu.

Duk mai sana'ar mai ta san kaka ita ce shekararta. Lokacin ne gyaɗa take araha, sabuwa, cike da mai. Wadda ba ta hura wuta da kaka ba, masu sayenta za su koma wa wata, kuma in sun saba da can ba sa dawowa. Don haka da ranar kasuwa ta zo na yafa mayafina na nufi layin 'yan gyaɗa, zuciyata a sake, kamar wadda za ta je karɓar ajiyarta.

Akwai wani Alhaji a layin, tun yana saurayi yana yi wa mahaifinsa awo nake saye a rumfarsu. Da ya gan ni ya tashi, ya kakkaɓe mini benci, ya yi mini gaisuwar Malam, ya yi masa addu'a mai tsawo. Da muka shafa na ce, "Alhaji, yau ba da kuɗi na zo ba. Buhu ɗaya nake so, in juya in kawo maka."

Ya ɗebi 'yan ƙwayoyin gyaɗa yana wasa da su a tafin hannunsa.

Na ce, "Ka dai san ni. Tun zamanin mahaifinka ban taɓa cin bashin kowa ba. Tambayi duk layin nan."

Ya ce, "Inna, ai shi ne abin. Wa zan tambaya? Kowa a layin nan ya san kuɗinki, ba wanda ya san alkawarinki."

Na ji maganar kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ya lura, sai ya matso ya rage murya. Ya ce, "Buhunan nan da kike gani ba nawa ba ne. Manoman Mashi ne suka sauke mini, in kasuwa ta zagayo su zo karɓar kuɗinsu. In zan ba da kayan mutane, sai in ba wanda na san yadda yake yi ranar da abu ya ɓaci masa. Ke ban taɓa ganin taki ranar ba. Ban ce ba za ki biya ba, Inna. Cewa na yi ban sani ba."

Ya auna mini tiya biyu, ya ce sadaka ce Allah ya kai ladan kabarin Malam. Na karɓa, don ba a mayar da sadaka, amma a hanya ji nake kamar garwashi na ɗauko a ka.

Ina shiga gida taubashiyata ta leƙo ta kan katanga. Ta ga 'yar ledar da na sauke ta ce, "Wannan ne buhun? Ko ɓera ya tare ki a hanya?"

Na ba ta labari ina jiran ta taya ni jin haushi. Sai ta zagayo ta ƙofa, ta zauna a kan tabarmata ta yi ta dariya har tana share hawaye da gefen zane. Da ta gaji ta ce, "Ke kin ɗauka rashin cin bashi shaida ce? Wadda ba ta taɓa ɗora tukunya ba ai ba ta taɓa ƙona tuwo ba. Za ki ba ta girkin suna?"

Na ce ban ga haɗin tuwo da mutunci ba.

Ta ce, "To bari in tambaye ki. Ni da wata Hajiya mai zoben zinari, wadda ba ki taɓa ba ta ko kwalba ba, mu zo neman jarkar mai ba kuɗi. Wa za ki ba?"

Na kawar da kai gefe.

"Faɗi mana, baki bai yi ciwo ba."

Na ce, "Ke."

"Don kyauna?"

Na ce, "Don na san kina kawowa."

Ta ce, "Madalla, baiwa ta fara hankali. Kasuwa mai zuwa ki shirya, zan kai ki."

Ranar ta bar ƙosanta da wuri muka tafi. Tun daga bakin layi ake gaishe ta. Mai wake ya gaishe ta, mai barkono ya gaishe ta, har wani ya biyo ta yana cewa ga sabon wake ya zo, ta ɗauka sai ta samu. Ni da na yi shekaru ina biya nan take, gaisuwar tsufa kawai ake yi mini. Na lura da wannan.

Muna isa ta ce, "Alhaji, na kawo baiwata. Ka auna mata buhu. Na tsaya mata."

Ya ce, "Gwaggo, kin san abin da kike faɗa? In ba ta kawo ba ke zan bi. Kuma kin san layin nan, abin da aka yi a rumfata kafin la'asar mai wake ya ji."

Ta ce, "Na sani. Auna."

Ya kira maƙwabcinsa na rumfa ya zama shaida, aka yi magana a gabansa: kasuwa biyu, a ta biyun in kawo kuɗin. Ni kafin wannan rana na ɗauka tsaya wa mutum kamar rakiya ce, ka raka shi ka sa baki ka koma gida. A nan na gane ba haka ba ne. Taubashiyata ba ta da gona, ba ta da akuya, ba ta da ko kwabo a ajiye. Sunanta shi ne jarinta gaba ɗaya, da shi take ɗaukar wake, da shi take ɗaukar itace. Shi ta ciro ta ɗora a kan buhuna. In na ɓata shi, wutar gidana da ta gidanta tare za su mutu.

A hanyar komawa mai baro yana gaba da buhu, mu muna baya, sai tsoro ya kama ni. Na tuna yadda ake tsayawa a kan gawa kafin a sallace ta a ce duk mai bin mamaci bashi ya faɗa. Na ce mata, "Yanzu in Allah ya ɗauki raina kafin kasuwa biyu fa?"

Ta ce, "Sai in ga ta kaina, don ko an sayar da ke ba ki kai kuɗin buhu ba. Ke dai kar ki mutu, je ki hura wuta."

Na hura wuta. Wanda bai taɓa rasa sana'arsa ba ba zai san daɗin da na ji ba da ƙamshin gyaɗa ya sake cika gidan. Maƙwabta suka fara leƙowa suna yi mini barka. Gyaɗar ta yi mai sosai, irin na sabuwar kaka, ja mai haske. Yara suka ci ƙuli mai zafi har suka ture.

Ina da wata mai saye ta ƙetaren boda, daga wani ƙauye bayan Kongolam. Shekara da shekaru tana zuwa ta ɗauki mai a jarka, ta kai ƙauyukansu ta sayar, in ta dawo mako na gaba ta kawo kuɗi ta ɗauki wani. Ni ban taɓa kiran wannan bashi ba, ciniki nake ce masa. Ta ji na dawo aiki ta zo, muka yi kukan Malam tare, ta kwashe kusan duk man, na bar 'yan kwalabe na cikin unguwa. Na yi lissafi a raina, in ta dawo na biya Alhaji har da saura.

Sai aka wayi gari aka ce an rufe boda, ba shiga ba fita. Mako ya zagayo ba ta zo ba. Ba ita, ba aike. Na riƙa fita zaure ina duban hanya kamar mai jiran haihuwa. Kasuwa ta farko ta wuce, ta biyu ta matso. Abin da ke hannuna kuɗin ƙuli ne da na 'yan kwalaben nan, kuma a ciki yara suka ci tuwo. Abin da ya rage na ƙulle shi a gefen zane, ƙullin bai kai girman goro ba.

A nan na sake yin wani zaton irin na farko. A sanina, mutum ba ya zuwa gaban mai binsa sai da kuɗi cikakke. Ka je da guntu raini ne, ka je hannu wofi rashin kunya ce. Sai na yanke a raina: ranar kasuwa zan kwanta in ce ba ni da lafiya, in sayar da kasko da turmi da tukunya, kasuwa ta gaba in kai masa kuɗinsa cif, in wanke sunan taubashiyata. Abin da za mu ci bayan nan, na bar wa Allah. A ganina wannan shi ne iyakar mutunci. Ban gaya mata ba, don na san bakinta.

Da safiyar ranar na sa aka kira dillaliya. Na fito da kayan zuwa tsakar gida. Tana ƙwanƙwasa kaskon da bayan yatsa tana taɓe baki, tana cewa, "Wannan ai ya sha wuta, Inna, sai dai in taimaka miki." Kaskon nan uwar mijina ce ta ba ni. Ina tsaye ina kallo kamar ana taya ɗana.

Sai ga taubashiyata ta shigo da mayafinta a kafaɗa, ta zo mu tafi. Ta tsaya, ta dubi kaya, ta dubi dillaliya, ta dube ni.

Ta ce, "Wa ya mutu ake rabon gado?"

Na ce, "Ba ni da lafiya yau, ba zan iya fita ba."

"Wane irin ciwo ne wannan mai sanin ranar kasuwa?"

Ba yadda zan yi, na faɗa mata komai. Ba ta yi dariya ba. Ta kife turmin ta zauna a kai, abin da tun muna yara ake hana mu, don dai kar dillaliya ta taɓa shi. Kuma a rayuwarmu lokacin ne kaɗai ba ta ce mini baiwa ba.

Ta ce, "Yaya, saurare ni. Yau Alhaji zai zauna yana duban hanya. In rana ta faɗi bai gan ki ba, ba zai ce ba ki da kuɗi ba, cewa zai yi kin ɓuya. Ni kuma ya ce ban san mutane ba. Kuɗin da za ki kai masa mako mai zuwa, ko kin ninka, ba zai goge yau ba."

Na kwance gefen zanena na nuna mata. Na ce, "In je masa da wannan? In ce masa me?"

"Ki ce masa abin da kika ce mini."

"Zai ce na raina shi."

Ta ce, "Ni sau nawa na shigo gidan nan da rabin kuɗin manki, na ce ciniki bai yi ba, saura sai jibi? Kin taɓa cewa na raina ki?"

Na tsaya ina tunani. Gaskiya ta yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kuma ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ta kasa ba. Abin da na riƙe kawai shi ne, duk ranar da ta ce za ta zo, tana zuwa.

Ta juya ga dillaliya ta ce, "Ke kuma tunda kaskon ya sha wuta, bar mana abinmu kar ya ƙona ki." Ta ɗebi ƙuli a faranti ta cika mata hannu, ta raka ta har zaure.

Ban taɓa ganin nisan kasuwar Daura ba sai ranar. Ita kuwa tana gaba tana amsa gaisuwa kamar za mu gidan biki. Da muka hango rumfar na so in juya, ta kama mayafina.

Alhaji ya ba mu wurin zama. Na sunkuyar da kai na faɗa masa duk yadda aka yi, ban rage ba, ban ƙara ba. Na kwance ƙullin na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, kamar wani abin kirki na ba shi.

Ya ce, "Inna, tun safe nake zaune. Rabin masu ɗaukar kayana bodar nan ta taɓa su. Wasu sun zo. Wasu kuma sun aiko wai ba su da lafiya. Yau zazzaɓi ya yi yawa a Daura."

Taubashiyata ta yi tari, ta mintsine ni a cinya. Ni dai na ƙura wa ƙasa ido. Sai ta ce, "Alhaji, da ban shiga da wuri ba, da yanzu kaskonta yana kan dillaliya. Wai za ta sayar da kayan aiki ta kawo maka kuɗinka cif."

Ya ajiye kwanon awon da ke hannunsa. Ya ce, "Da kin yi mini ɓarna, Inna. Ni ba mayafinki na duba na ba da gyaɗa ba, wutar murhunki na duba. Ki sayar da kasko ki biya ni sau ɗaya, na yi asarar mai saye, yara sun yi asarar tuwo. Wa ya ci riba? Dillaliya."

Na ce, "To manoman Mashi fa? Ka ce kayansu ne."

Ya ce, "Yanzu da na ji daga bakinki, na san abin da zan gaya musu, na san ranar da zan ce su dawo. Su ma mutane ne, sun ji labarin boda. Abin da ke kashe mu a kasuwa ba jinkiri ba ne, shiru ne. Mai shiru ba ka san ko jira za ka yi ko kuka ba."

Daga nan ya tashi da kansa ya jawo wani buhu, ya fara auna rabi a cikin wani. Ya ce in bar jiran ƙetare, in sayar a cikin gari kwalba-kwalba, duk kasuwa in kawo abin da ya samu, a riƙa ragewa a na farko da na biyu. Ina bin sa da ido kawai.

Taubashiyata ta gyara zama ta ce, "To wannan ma na tsaya..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Huta, Gwaggo. Wannan ba a kanki yake ba. Tsakanina da Inna ne. Yau na ga ranarta."

Hawayen da ban yi ba ranar da ya hana ni, su suka zubo ranar da ya ba ni. Shekarun da na yi ina biya nan take ba su sa an yarda da ni ba. Ranar da na kasa biya na zo na faɗa, ita ce ranar da aka fara ba ni kaya da sunana. Taubashiyata ta ture ni da kafaɗa ta ce, "Share fuskarki, kar a ce dukanki na yi. An 'yanta ki a kasuwa, amma a gida kina nan a baiwarki."

Kwanci tashi, haka muka yi. Ita ta bi masu waina da masu awara na unguwa tana tallata mini mai da bakinta mai kaifi, har wasu suna saye don su huta da ita. Duk ranar kasuwa in yafa mayafi in je, ko da abu mai yawa ko da kaɗan. Akwai ranar da jikana ya yi rashin lafiya na je da abin da bai taka kara ya karya ba, na faɗa, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Kafin gyaɗa ta yi tsada na sauke nauyin duka, na kuma tara ɗan jarin da nake sayen rabi da kuɗina, rabi a ba ni zuwa kasuwa.

Mai sayena ta ƙetare kuwa, sai bayan an daɗe, wata rana da hantsi na ji ana sallama a zaure da 'yar ƙaramar murya, an ƙi shigowa. Na fita na same ta a rakuɓe jikin bango. Ta biyo ɗan acaɓa ta hanyar daji, ƙafafunta duk ƙaya ta yage su. Ta ce wasu ƙauyukan ba su biya ta ba, ta yi ta jira wai sai kuɗin ya cika, da ta ga ba zai cika ba ta ce gara ta zo in zage ta. Ta kwance gefen zanenta tana kuka. Na dubi ƙullin, na san irin wannan ƙullin. Na kama ta na shigar da ita ɗaki, na dama mata fura, na karɓi abin da ta kawo da hannu biyu. Da za ta tafi na cika mata jarka.

Taubashiyata ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta, ya sa ƙosan da ta ciyar da marayu da shi ya tsaya mata kamar yadda ta tsaya mini. Ranar jana'izarta aka yi cigiyar masu binta bashi, maza suka dawo suka ba mu labari cewa mai wake ne kaɗai ya tashi, ya ce akwai na mako ɗaya kuma ya yafe, ya ce da duk masu ɗaukar kayansa irinta ne da bai taɓa yin asara ba. Alhaji yana nan a rumfarsa, gemu ya yi fari. Ba na salla in tashi ban sa su biyun a addu'a ba.

Har gobe ba na ce wa kowa ya ci bashi don atamfar biki ko don a ce ya isa. Bashi nauyi ne, kuma wanda ya ɗauka ba da niyyar saukewa ba ya shiga uku duniya da lahira. Amma abin da wannan lamari ya koya mini shi ne, ba a sanin amanar mutum sai an ba shi ya mayar, kuma ba cikar kuɗi kaɗai ake kira mayarwa ba. Wanda ya ba ka kayansa, kafin kuɗin, kai yake jira ya gani. In ranar alkawari ta zo, ka tashi ka je. In da kuɗi ka kai kuɗi, in da rabi ka kai rabi, in babu ka kai ƙafarka da gaskiyarka.